Gadar da Na Tsallake a Wasiƙarka

Zuwa ga Yayana, babban wa, wanda nisan wuri bai rage masa girma a idona ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙani yake yi wa wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikin gonar nan da ya ɗauke mana kai shekara uku, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa, kuma duk zagayen da ta yi ni take samu. Kawu yana nan da ciwon bayansa, in ya sunkuya a kan injin babur a garejinsa sai an ba shi hannu kafin ya miƙe, amma wanda ya ce masa ya tsufa ya nemi wani garejin. Akuyar Gwaggo ta haifi biyu. Na raɗa wa ɗaya sunan ɗan Gwaggon, wato Injiniya, don ita ma in ta sa kai gaba ba ta waiwayen 'yar'uwarta.

Yaya, wasiƙarka ta iso ta hannun Direba mai motar da ke zuwa wajenku, shi ne kuma zai kawo maka wannan. Na roƙe shi ya damƙa maka ita kafin ranar da kake shiga gari inda waya take samun sabis, domin akwai abin da nake so ka sani kafin ka kira Kawu. Ka zauna tukuna, kuma kada ka karanta a gaban matarmu, dariya za ta yi ta ɓata mini shiri.

Ka san tunda idon Kawu ya yi rauni ni nake karanta musu wasiƙunka. Injiniya da duk takardun makarantarsa, in ya ɗauki rubutunmu na allo juya shi yake yi sama da ƙasa kamar mai neman bakin buhu. To na zauna a gaban Inna da Kawu na karanta gaisuwarka tsaf, na karanta murnar da kake yi cewa tafiyar babur ta bana wurinka za mu yi, na karanta saƙon takalman yara. Da na zo layin ƙarshe, inda ka ce ruwan ƙarshen damina ya karya gadar da ke hanyar tsakiya, in gaya wa Kawu kada a biyo ta nan, sai na yi tari, na naɗe takardar na sa a aljihu. Kawu ya tambaya ko shi ke nan, na ce masa saura addu'a, muka shafa tare.

Kada ka yi saurin zagina, bari in tuna maka bara. Kai ka fi kowa sanin dokar Kawu, don shekara nawa kana jan gaba: mai gaba ba ya wuce mararraba sai ya ga fitilar mai baya a madubinsa. Ita ke nan dokar, ba ta da ta biyu. Da ka tafi aka ba Injiniya gaba saboda yana da taswira a waya, ni kuma aka bar ni a baya da jakar kayan aiki kamar kullum. A rana ta biyu da hantsi sarƙar babur ɗina ta tsinke. Na yi ham, na kunna fitila na kashe, ba wanda ya juyo. Na zauna na haɗa ta, ban ɓata ko rabin awa ba. Da na iso mararraba, babu kowa, babu allon kwatance, babu ko reshen da aka karya aka ajiye mini alama. Hanya biyu, dukansu da sawun taya. Na ɗauki hagu. Yaya, hagun nan ba ta zuwa ko'ina sai wata tsohuwar mahaƙar tsakuwa. Mai ya ƙare mini a dawowa, na tura babur da jakar ƙarfe tun azahar har rana ta yi ja, tafin ƙafata ya yi bororo ya fashe. Da na same su a gidan mai suna zaune a inuwa, kafin in buɗe baki Injiniya ya riga ya gaya wa Kawu wai ya tsaya a mararraba, ya ga fitilata, kuma akwai allo ƙato a wurin, ni ne ban iya karanta shi ba. Kawu yana tsakiyar layi, ƙura ta hana shi ganin baya, sai ya yarda. Abokan tafiyarmu Tela da Mai Faci da suka san ba a tsaya ba suka sunkuyar da kai suna duban takalmansu.

Tun daga ranar sunana Ɓatacce. Ba a gareji kaɗai ba. Mai shagon bakin titi in zai miƙo mini sabulu sai ya tambaya ko zan gane hanyar gida. Masu kawo gyara suna cewa a ba wancan, kada a ba Ɓatacce ya je gwaji. Inna da kanta ta kira ni da shi sau ɗaya, ta kama bakinta, amma na riga na ji. Na san ni ba waliyyi ba ne. Ni na shafa wa sirdin Injiniya giris ranar da ya sa farin wando, ni na cire masa wayar fulogi ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa shi a gaban 'yan matan layinsu, ni na sa wa Tela ƙadangare a hular kwano. Duk na amsa. Amma wasana a cikin gari yake, inda in mutum ya gaji zai shiga gida ya sha ruwa. Ban taɓa kai wasa kan hanya ba, ban kuma taɓa yi wa wani ƙarya a gaban Kawu don in wanke kaina ba.

Duk da haka, wallahi ranar da aka taru zaɓen hanya na shiga gareji da niyyar faɗin gaskiya. Kawu ya sa aka ja benci ƙarƙashin rumfa, mu biyar, Injiniya ya jingina wayarsa da galan a kan durom yana nuna mana da ɗan yatsa. Hanya uku ce zuwa wurinka. Akwai babbar kwalta, kwana huɗu, ta yi zagaye kamar ba ta son isa, gidan mai ko'ina, amma daga safe zuwa yamma kana shaƙar hayaƙin tirela kana kauce wa ramuka. Kawu ita ya so saboda bayansa, sai Mai Faci ya ce ba zai iya rufe rumfarsa kwana takwas zuwa da dawowa ba. Akwai hanyar duwatsu, wadda aka ce kyanta ya isa a je don ita kaɗai, sai dai akwai wajen kilomita ɗari biyu da babu ɗigon mai, babur ɗin Tela kuwa sha yake kamar an huda masa ciki. Saura hanyar tsakiya, kwana uku, kwalta har bakin kogi, a hau gada, sai burji mai laushi har ƙofarka. Injiniya ya ce wayarsa ta auna duka ukun ta zaɓi wannan, ya nuna mana gadar a hoto tana nan tsaye kyakkyawa.

Kawu ya tambaya ko akwai mai magana. Na ajiye fulogin da nake gogewa, na gyara murya, har na ce Kawu. Sai Injiniya ya tari numfashina, ya ce kafin a tashi yana da shawara guda, a nemo ƙararrawar da ake rataya wa akuya a ɗaura mini a wuya, ko kuwa a ɗaure babur ɗina da igiya a jikin na Tela, don bana ba shi da lokacin jiran wanda bai san hagu da dama ba. Aka kwashe da dariya, har Kawu sai da ya riƙe bayansa. Ni ma na yi dariyar, na fi kowa ma. Da aka lafa Kawu ya ce me zan ce ɗazu. Na ce ba komai, so nake in ce wayar Injiniya ba ta taɓa ƙarya ba, a bi ta. Aka tsayar da hanyar tsakiya, za a tashi Litinin ta sama bayan sallar asuba.

Kada ka ɗauka zan jefa Kawu a wahala don in huce. Na yi aikina. Na tsare Direba na yi masa tambayoyi har ya gaji da ni, sannan Asabar da ta wuce na ce zan je neman kayan gyara, na hau babur ni kaɗai na tafi har kogin. Na ga gadar da idona. Rabinta yana tsaye, rabin yana kwance cikin ruwa, an jibge ƙasa da kututture a hanya tun daga nesa, ko makaho ba zai faɗa ba. Wani makiyayi ya nuna mini abin da waya ba ta sani ba. In ka koma baya kaɗan akwai tankin ruwa da ya yi tsatsa, a gindinsa hanyar shanu ta ratse, ka bi ta kamar awa guda sai ka iso inda kogin ya baje, ruwan bai wuce gwiwa ba. Hannun dama tsakuwa ce mai ƙarfi, hannun hagu yashi ne mai cin taya. Sai an bar inji ya huce, a shiga da giya ɗaya, kada a saki wuta har a fita, don kada salansa ta sha ruwa. Na haye sau biyu na dawo sau biyu. Na tanadi galan biyu na mai a ƙasan jakar kayan aiki, na ƙara wa sirdin Kawu soso ba tare da ya sani ba. Abin da za mu yi asara bai wuce yini guda ba, ni kuwa na yi asarar shekara.

Ga yadda nake ganin abin, kullum in na rufe ido sai na gan shi. Za mu iso gaban tarin ƙasar nan, Injiniya a gaba. Ni zan kashe babur, in cire hular kwano, in nemi inuwa in miƙe ƙafa. Zan bar shi ya ɗaga wayar nan sama, ya juya gabas ya juya yamma, ta ci gaba da nuna masa gadar da ke kwance a gabansa. Zan bar Tela ya leƙa tankinsa ya gane man ba zai mayar da shi kwalta ba. In sun nuna sosai, sai in ce kamar na taɓa jin akwai mashigi a ƙasa. Amma ba zan tashi daga inuwar nan ba sai Injiniya ya tako da ƙafarsa ya tsaya a gabana, ya kira ni da sunan da Baba ya raɗa mini, ya faɗa wa Kawu da bakinsa cewa bara bai tsaya a mararraba ba, kuma babu wani allo a wurin. Tela da Mai Faci su ce haka ne. Daga nan ya karɓi jakar kayan aiki ya ɗaura a kan sabon babur ɗinsa mai sheƙi, ya koma baya ya san nauyinta. A bakin ruwa zan gaya wa kowa ya riƙe hannun dama. Shi ma zan gaya masa, ni ba azzalumi ba ne, sai dai ban yi alkawarin ɗaga murya ba. Kuma duk mararrabar da muka iso zan tsaya in jira shi, in kafe madubi da ido har fitilarsa ta fito, in ɗaga masa hannu kowa yana kallo.

Na san ranar da Kawu ya gane na tsallake layi a wasiƙarka, abin da zai yi mini sai Allah. Wataƙila wata guda ina wanke kayan inji da kananzir ba a bar ni na taɓa sifana ba. Na yarda, zan wanke ina waƙa. Abin da ba zan iya ba shi ne in shekara arba'in a garin nan jikokin mutane suna kirana Ɓatacce a kan laifin da ba nawa ba.

Don haka roƙona guda ne, Yaya. In ka shiga gari ka kira Kawu, ka gaishe shi, ka tambayi bayansa, ka tambayi rufin gareji, ku yi hirar duniya. Kada kalmar gada ta fito daga bakinka. Ban ce ka yi ƙarya ba. In ya tambaye ka hanya, ka ce ai ka rubuta komai a wasiƙa, wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Kalma ɗaya daga gare ka, Injiniya zai canza hanya ya ce wayarsa ce ta gano, ni kuma in koma baya da jaka har tsufana. Kai ka koya mini hawa babur, kai ka ɗaure mini gwiwa ranar da na fara faɗuwa ba ka gaya wa Inna ba. Shirun nan nake nema sau ɗaya kuma.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwararta. Kawu yana gaisuwa, Gwaggo ma haka, ita ba ruwanta, Allah ne ya jarrabe ta da ɗa. Ka gaishe mini da matarmu da kyau, da takwarar Inna, da Ɗan Baba, ka ce masa takalmansa suna cikin jakata kuma ba za su jiƙe ba. Ka gaishe da maƙwabcinka mai injin ban ruwa da ya taɓa aiko mana da gaisuwa. Injiniya ya ce in gaya maka ka saurare mu ranar Laraba da la'asar, wai lissafinsa ba ya kuskure. Na isar da saƙonsa. Ni kuwa nawa saƙon, ka ce wa matarmu kada ta wahalar da kanta da ɗora tukunya ranar Laraba. Alhamis za mu iso, kuma in ka ji ƙarar babura ka fito bakin hanya ka duba wanda yake gaba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jiran shirunka,
Autan Inna