Rantsuwar Malam Kyari

Magarya, 9 ga Nuwamba 1957

Zuwa ga ɗana Muttaƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Nafi da jaririnku. Yaya aikin biro, ofishin nan naku? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Wata biyu ke nan ban ga rubutunka ba. Mutumin da ke wuni da alƙalami a hannu ba shi da hujjar da zai kawo wa uwarsa a kan haka, don haka kada ka wahalar da kanka wajen nemo ta.

Malam Kyari zai bar mu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi sallama a zaure, ya zauna inda ya saba zama tun mahaifinka yana da rai, ya ce in an gama kakar gyaɗa zai koma Dungas. Barau, mai sayen gyaɗar nan da ya sayi kamyo, babbar motar kaya, bara, ya haƙa rijiyoyin rini goma sha biyu a can, yana neman mai riƙe masa su. Na tambayi Kyari ko an yi masa laifi, ya ce babu. Ko abinci ya ragu, ko sutura? Ya ce babu. Shekara ashirin da shida yana shugabancin marinarmu, iyakar abin da ya iya faɗa mini ke nan.

Ka bar gidan nan kana ɗan shekara bakwai, saboda haka bari in tuna maka nauyin maganar. Rini kowa yana yi, daga nan har Kano. Amma baƙin nan mai sheƙi da ake kira wuyan tantabara, wanda in an juya shi a rana ja-ja ke tasowa daga cikin shuɗin, a ƙasar nan marinarmu kaɗai ke fitar da shi. Don shi Buzaye ke wuce kasuwa uku su durƙusar da raƙumansu a ƙofarmu. Shi ke ciyar da mutum goma sha tara a gidan nan, shi ya kai ka lakwal ka yi boko. Ranar da ya bayyana a Dungas, mun zama marina irin kowace.

Haɗin launin yana wurina. Mahaifinka ya faɗa mini shi a ciwonsa na ajali, na rubuta da Faransanci a kaye, littafin rubutuna, na kulle a akwati. Ba zan sa ko kalma ɗaya daga ciki a wasiƙa ba, don ban san hannu nawa take bi kafin ta iso ka ba. Sai dai Kyari ma ya san shi, zuciyar mutum kuwa ba a sa mata kwaɗo.

An ce ya taɓa yi wa mahaifinka rantsuwa a kan wannan. Ban ji da kunnena ba, kuma na ga abin da kuɗin gyaɗa ya mai da mutanen da suka fi shi furfura. Kai da kake aiki a tiribinal, kotun Nasara ta Damagaram, ka binciko mini takardar da za a sa shi ya danna wa yatsa, ko ƙarar da za ta hana shi yin launinmu a rijiyar wani. Ka ba ni amsa da motar wasiƙa ta gaba.

Ka gai da Nafi. Ka riƙe salla a kan lokacinta.

Mahaifiyarka,
Zouera


Magarya, 16 ga Disamba 1957

Zuwa ga ɗana Muttaƙa,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ku duka. Na ji daɗi da zazzaɓin yaron ya sauka. Ku daina fitar da shi da sassafe.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku, ban so ta ba ko sau ɗaya. Ka ce doka ba ta tsare ma'aikaci a inda ba ya son zama, kuma tsakaninmu da Kyari babu kontira, wato yarjejeniya a rubuce. Ka ce in na kai ƙara, abu na farko da za a tambaye ni shi ne mene ne sirrin, sai na faɗe shi a gaban tafinta ya juya, magatakarda ya rubuta, a ajiye a biro. Wannan ya tsayar da ni, domin tafintan nan na Magarya ƙanwar Barau yake aure. Da na je neman kariya, da ni da bakina zan kai musu abin har gida. A nan ka yi gaskiya.

Duk da haka na aika wa alƙali da kukana. Ya ce a kawo wanda ya shaida rantsuwar. Mutum ɗaya ne, limamin unguwarmu na da, shi ma ya rasu. Maganar tana nan a gabansa.

Yanzu ga abin da na yi, ba kuma don ka yi mini hukunci nake faɗa maka ba. Na ga yadda kantunan Nasara suke yi da ma'aikacin da ya ce zai tafi, a ranar suke karɓe makulli. Ni ma na aika aka karɓi makullin ɗakin da ake ajiye ganyen baba da tokar rini daga hannun Kyari, na ce kada ya ƙara taka marina. An ce ya kwance shi daga wuyansa, ya share shi da bakin rigarsa, ya miƙa. Bayan kwana takwas ya ɗaura kayansa a jaki ya tafi. Ya tsaya a zaure ya yi mini ban kwana, ban fito ba.

Sai na kira Alhassan, ɗan ƙanen mahaifinka, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Na buɗe kaye, ina karantawa daga bayan labule yana aunawa, muka ɗaura rijiyoyi huɗu. Ba mu ƙara ba, ba mu rage ba. Yau kwana goma sha biyu. Ya kamata a ce tun kwana na bakwai sun nuna, kumfa ta taso. Babu kumfa. Ruwan ya yi fari-fari kamar tsari, warinsa yana shigowa har tsakar gida. Mun tsoma ƙyalle ya fito toka-toka. Alhassan ya rame, ya ce shi iyakarsa motsawa da tsomawa, bai taɓa sanin dalilin da ya sa Kyari ke cewa a ƙara ko a dakata ba.

Buzaye suna tafe nan da wata ɗaya. Na duba rubutuna layi-layi ban ga kuskure ba, kuma ka san ban saba yin kuskure a rubutu ba. Ka yi mana addu'a.

Mahaifiyarka,
Zouera


Magarya, 5 ga Janairu 1958

Zuwa ga ɗana Muttaƙa,

Ina gaishe ka, ina gai da iyalinka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kada ka karanta ta a tsaye tsakanin takardun mutane.

Kyari ya zo. Ba wanda ya aika masa. Wani mai sai da tabarmi ne ya ba da labari a kasuwar Dungas cewa rijiyoyin gidanmu sun mutu, shi kuwa ya hau jakinsa, kwana biyu a hanya. Da hantsi ya iso. Bai shigo zaure ba, ya aiko a tambaye ni ko an yarda ya taka marina. Na ce ya taka. Na yafa mayafi na bi bayansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Muttaƙa, na zauna a gaban malamai masu ilmi, na ga likitan Nasara yana aiki, ban taɓa ganin irin abin da na gani ran nan ba. Ya wanke bakinsa da ruwa, ya durƙusa a bakin rijiya ta farko, ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, ya rufe ido. Marina goma suna tsaye, ko tari babu mai yi. Ya tofar, ya ce wannan ta tafi, a kwashe. Ta biyu ma haka. A ta uku ya daɗe, ya ɗanɗana sau uku yana kurkure baki a tsakani, sa'an nan ya ce da ranta, sanyi ne ya kama ta, kuma tokar bana ta fi ta bara kaifi don an ƙona ta da wuri. Ya faɗi ranar da muka ɗaura ta, ya faɗi cewa an motsa ta da yamma maimakon da safe. Alhassan ya sunkuyar da kai, domin kuwa hakan aka yi. Duk wannan daga ɗigo ɗaya a kan harshe.

Ya sa aka kawo abin da ya sa aka kawo, ya zuba da tafin hannunsa ba da mudu ba, ya rufe rijiyoyi biyun da suka rage da tabarmi. Kwana uku yana kewaya su kamar mai jinya. A rana ta uku aka yaye tabarma, sai ga kumfa ta taru a tsakiya, shuɗiya, tana walƙiyar jan ƙarfe. Da aka ɗaga rawani na farko, kore ya fito, muna kallo iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama launinmu. Na yi tasbihi a fili. Da na koma ɗaki na buɗe kayena. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma sunayen kaya ne kawai da awo. Shekara tara ina gadin akwati, abin kuwa yana bakin mutumin da na kora.

Da la'asar na sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, na tambaye shi dalilin tafiyarsa, na ce wannan karon ba zan karɓi babu ba. Ya ce, "Uwar gida, harshena ne yake mutuwa. Da sau ɗaya nake ɗanɗanawa, yanzu sai sau uku."

Ya ce shekara biyu ke nan da ya lura gishiri ya fara yi masa lami. Ya ji tsoron ranar da zai ɓata rini da sunan gidan nan, shi ya sa ya nemi inda ake rinin gama-gari wanda ido kaɗai ya isa. Barau ya yi masa tayin doki da gida don ya fitar masa da wuyan tantabara, ya ƙi. Har Barau yana yawo yana cewa ya ɗauko tsoho amma launin ya ƙi hawa kamyo.

Sai ya faɗa mini rantsuwar, wadda ya yi da alwala da Alƙur'ani a hannu. Kashi biyu ce. Ba zai yi launin a rijiyar kowa ba sai ta mahaifinka, kuma ba zai koya wa kowa ba sai ɗan da mahaifinka ya haifa. Shi ya sa Alhassan ya yi shekara goma sha ɗaya a gefensa bai samu komai ba. Na ce ya yi kaffara ya koya wa Alhassan, ni na yarda. Ya ce ba ni ya yi wa alkawari ba, wanda ya yi wa kuwa ba ya inda za a nemi izininsa. Ya ce sau da yawa yana tambayata yaushe za ka zo gida, ni kuwa ina ɗauka gaisuwa ce.

Na aika wa alƙali na janye maganata. Na mayar wa Kyari makulli da hannuna, na roƙe shi gafara a gaban marina duka, domin a gabansu na wulaƙanta shi. Ka riƙe wannan: in ka yi laifi a fili, kada ka nemi gafara a ɓoye.

Kai kaɗai ne namiji a ƴaƴan mahaifinka. Ni na cire ka daga bakin rijiya na kai ka lakwal, mahaifinka bai so ba, kuma ban yi nadama ba. Amma Kyari ya ce abin da ya rage masa bai fi rani ɗaya ba. Ka nemi konje, hutun wata uku, ka zo. Ban saba roƙon ka ba, yau ina roƙo.

Mahaifiyarka,
Zouera


Magarya, 11 ga Mayu 1958

Zuwa ga ɗana Muttaƙa,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan ka isa Damagaram lafiya, ka sami Nafi da yaron lafiya. In abokan aikinka sun yi maka dariyar baƙin hannu, ka ƙyale su, zai fita kafin damina.

Rijiyar da ka ɗaura kai kaɗai ana jibi za ka tafi ta nuna jiya. Alhassan ya motsa ta yadda ka bar masa. Kyari ya zo ya durƙusa, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya sake, ya sake, har sau biyar. Sa'an nan ya miƙe ya ce shi ruwa kawai yake ji, a tsoma zane a gani. Bai nuna damuwa ba, ni ce na kau da kai.

Aka tsoma, aka shanya, aka kai mabuga. Da azahar suka kawo mini. Na fita da shi rana na juya. Ga ƙyalle nan na yanko na sa maka a cikin wasiƙar, ka duba da idonka. Bai kai na Kyari zurfi ba, gefe ɗaya ma ya ɗan yi haske, kada ka ɗauka ka gama. Amma ja-jan yana nan. Kyari ya riƙe zanen ya daɗe, ya kira sunan mahaifinka, ya ce ya sauke amanar. Ba zai koma Dungas ba, na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, zai zauna da mu iyakar kwanansa.

Ban san yadda za mu yi da rijiya a Magarya da mai ɗanɗana ta a Damagaram ba. Wannan shawara taka ce, ba zan yanke maka ba. Amma akwai wadda zan yanke. Da aka wanke rigunanka na ji warin taba, kuma na ga yadda kake kurɓar shayi yana tafasa. Daga yau ka bar su duka biyun. Abincin mutum goma sha tara yana kan harshenka, kuma a duniyar nan babu wani sai shi.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Zouera