Kaset ɗinmu na Sulai

Zuwa ga aminina Mamman Sani, duk inda kake a ƙasar Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali idan Allah Ya ba ka su.

Jiya na sake saka kaset ɗinmu, fim ɗin 'yan fashi da muka ɗauka a sito na unguwar Sulai, nan Riyad, da kyamarar biki ta aro. Shekara shida ke nan.

Mu faɗa wa juna gaskiya, fim ɗin bai yi kyau ba. Ni ne uban ɓarayi, da gemun auduga mai ɓallewa duk sanda na daka tsawa. Bindigarmu guntun famfo ne da aka naɗe da baƙin salatif. Jini kuwa tumatirin gwangwani. Kai aka ba ɗan sanda, cikin kakin maigadin sito, amma kana damƙar ɓarawo kana ce masa ya yi haƙuri. Kai da kanka kake cewa, "Ni fa ɗan dako ne, ku kuka ɗora mini."

Ba mu da fitila. Ni na ce a ɗage ƙofar sito don hasken rana ya shigo. Wani ya hango bindiga, ba a daɗe ba sai ga 'yan sandan gaskiya.

Iƙamarka, takardar izinin zama, ta mutu tun da ka gudu daga kafilinka, ubangidan da ya kawo ka ƙasar nan, na kuma sani. Tawa tana aljihu. Da suka nuna ka suka tambaye ni, na ce ban san ka ba, yau ka zo. Kyamara tana kan kwali, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Ta ɗauki kallon da ka yi mini kafin su tura ka mota.

Mamman Sani, ban yanke wurin ba. Na yanke muryata kawai, na rufe fim da fuskarka. Ya zaga gidajen mutanenmu daga unguwar Shifa har Dir'iyya. Kowa ya yi wa gemuna dariya, amma in an zo kanka sai ɗaki ya yi tsit. Wani mai karatu ya tambaye ni inda ka koyi wasa haka. Na ce ni na koya maka. Ban yi ƙarya ba.

Wasiƙa uku na aika ta hannun masu komawa gida. Shiru. Ban ga laifinka ba.

Yawan mayar da kaset baya ya cinye wurin. Jiya idanunka kawai na iya gani cikin zane-zanen fari. Ba ni da hotonka, ba ni da wani kaset. In na sake kallo zai ƙarasa gogewa, kuma na san ran Juma'a zan sake.

Allah Ya rufa maka asiri, Ya haɗa ka da abokan da suka fi ni. Ni kuma Ya yafe mini, ko da kai ba ka iya ba.

Naka, wanda ya san ka,
Habu mai gemun auduga, Riyad.