Sati Uku Kafin Jarrabawar Ƴar Fara

Zuwa ga ƙanena, Malam,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya ɗalibai? Tela maƙwabcina ke riƙe da biro, ni ke faɗa.

Shekara tara ban neme ka ba, tun ranar da ka kira ni jahili a gaban leburorina. Ban manta ba. Yau ma ba don kaina na zo ba.

Jikarmu Ƴar Fara ta nemi aiki a kamfanin masu haɗa manhajar kwamfuta. Abin da suka ce ta haɗa, kwana biyu ta gama, suka yaba. Sai suka miƙo takardar lissafi, ta faɗi warwas. To ita kwamfutar ba don ta yi wa mutum lissafi aka ƙera ta ba? Ni shekara arba'in ina gini da igiya da ido, bangona ko ɗaya bai faɗi ba. Na je ofishinsu na gaya musu haka, mai gadi ya rako ni waje.

Sun ba ta sati uku ta sake. Kai malamin lissafi ne, ka rubuta musu cewa lissafin ba dole ba ne.

Yayanka,
Magini

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Amsarka ta iso. Ka ce wani aikin manhaja ba ya son lissafi sosai, amma nasu yana so, kuma ba ka sa hannu a ƙarya. Bakinka dai bai canza ba.

Saura kwana goma sha biyu. Ƴar Fara ta naɗe kwamfutarta a zane ta tura ƙarƙashin gado. Abinci sai na tsaya a kanta.

Ka tambayi dalilin da ta daina zuwa darasi gidanka tana aji uku. Ni ne. Don haushinka na ce mata kai ka ce kar ta ƙara zuwa, kanta ba ya ja. Ta yarda. Tun daga nan in ta ga lambobi sai ta guje su. Yau da safe na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake dubana ba.

Asabar da hantsi zan kawo ta, in ta yarda ta biyo ni. A bakin titi zan tsaya, ba sai ka gan ni ba. Kai kaɗai za ka ce mata kanta yana ja ta gaskata. Don Allah, don darajar iyayenmu, ka buɗe mata ƙofa.

Ka gaida mutan gida.

Yayanka,
Magini