Wasiyyar Damaris, Wadda Muryarta Ta Dushe

Ni Damaris, matar marigayi Zakka, mazauniyar Kaoje, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Likita ya faɗa mini gaskiya kan ciwon nan, na kuma gode masa. Istifanus, Filibus, Liyatu, 'ya'yana, ku karanta tare a zaune wuri ɗaya. In ɗaya bai iso ba, a jira shi.

Na ɗaya. Fadamar shinkafa ta bakin gulbi ta Istifanus da Filibus ce, kuma ban yarda a ja mata iyaka a tsakiya ba. Ku noma tare, ku raba a masussuka. Gida na ku uku ne, amma ɗakina na Liyatu ne, don in ta zo daga Illo kada ta kwana kamar baƙuwa. Manyan tukwanen da nake turara shinkafa ma nata ne.

Na biyu. Tulun da nake kaɗawa a Zumuntar Mata, da littafin waƙoƙina, a kai wa Rifkatu, mai ba da waƙa yanzu. Liyatu, na san za ki yi mamaki, to ga dalili.

Shekara ashirin da biyu ni ke ba da waƙa a majami'armu. Har ƙetaren iyaka, wajen dangina na Benin, ana aikowa in je taro. Da aka yi mini aikin maƙoƙo sai muryar ta tafi, ta bar mini wannan shaƙaƙƙiyar da kuka sani. Lahadin farko da na koma, na tarar da Rifkatu tsaye a wurina, mata suna amsa mata kamar ba a taɓa yin wata Damaris ba. Na fito tun kafin wa'azi. Wata bakwai ban taka ƙofar ba. Na ce muku jiki ne. Ƙarya na yi muku, haushi ne.

Maƙwabciyata Kubura musulma ce. Gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa, a zaune take salla, amma ban taɓa ganin lokaci ya wuce ta ba. Wata Lahadi da hantsi ta same ni ina shanyar shinkafa, ga waƙa tana tashi daga majami'a. Ta ce, "Damaris, dā can Allah kike je wa, ko murya kike kai wa mutane su ji?" Kwana uku ban gaishe ta ba. Amma gaskiya ta faɗa.

Na koma, na zauna a bencin baya cikin masu goyo. A nan na fara jin ma'anar kalmomin da na shekara ashirin da biyu ina rerawa. A nan na gane sujada: mutum ya zo gaban wanda ya halicce shi ya kuma fanshe shi, ya ce na gode, ga ni, da ɗan abin da ya rage masa. Ba don a gan shi ba, ba don a biya shi ba. Rifkatu ba ta yi mini laifi ba, ni na yi mata. Kubura kuwa, muddin tana raye, buhu ɗaya na girbin fari nata ne.

Na uku. Istifanus, kai dattijon ikilisiya ne, ina alfahari da kai. Amma ranar da zazzaɓi ya ɗauke Tabita, 'yar ƙanenka, ka ce masa a gaban mutane wai don yana kai kaya kasuwar Lolo ran Lahadi ne Allah ya hore shi. Wa ya aike ka? Yau shekara biyu Filibus bai shiga majami'a ba, bai shiga gidanka ba. Ga umarnina: kada ka sake tsayawa gaban jama'a ka yi karatu, kada ka miƙa hannu ga gurasar jibin Ubangiji, sai ka je gidansa da ƙafarka ka roƙi gafara. Ba saƙo ba, ba waya ba. In ya kore ka, ka koma. Bakin da ya raunata ɗan'uwa ranar makoki, yabonsa sai ya jira.

Na huɗu. Filibus, ka taɓa ce mini ka yi azumi, ka ba da baiko ga Allah, ka yi kuka, duk da haka yarinyar ta tafi, to me ya rage ka je yi? Ba ni da amsar dalilin tafiyarta, ba kuma zan ƙago maka ba. Na binne 'ya'ya biyu kafin in haife ka. Abin da na sani shi ne sujada ba ciniki ba ce. Almasihu bai ce ka zo da murna ba, cewa ya yi ka zo. Ka je da fushinka, ka zauna a baya, ko ba ka buɗe baki ba. In yayanka ya zo ƙofarka, ka ba shi tabarma.

Na biyar. A binne ni nan Kaoje kusa da ubanku, kada a wahala da ƙetarar da ni iyaka. Ban son anko. Kuɗinsa a sayi kwano a gyara rufin majami'a inda yake yoyo. Istifanus da Filibus su kama makarata ta gaba, su biyu, kafaɗa da kafaɗa.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ubangiji ya sa muku albarka, ku da matanku da mijinki da jikokina, ya tsare fitarku da shigarku, a gona, a kan ruwa da kan hanya. Liyatu, ke ce ƙarama, amma ke na ɗora wa wannan: kowace shekara bayan girbi ki tara su a gidan nan, a dafa sabuwar shinkafa, a yi addu'a, a ci a tire ɗaya. Wanda ya ƙi zuwa, ku ɗauki abincin ku bi shi gidansa.

Uwarku,
Damaris Zakka