Ɗankunnen Matata Yana Filin Jirginku

Zuwa ga Shugaban Hukumar Filin Jirgin Sama na ƙasar da jirginmu ya yada zango a hanyar dawowata daga Umara.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka. Ban ambaci sunan ƙasarku a nan ba, domin talakawanta ba su yi mini komai ba, ba na so a zage su saboda ni. Kwafin da na aika ofishinka yana tare da lambar tikitina da hoton rasit ɗinku, don haka ka san da kai nake. Na iya Turanci, na yi makarantar midil tun zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada. Amma da Hausa na rubuta, domin mutanen Nima da Maamobi, unguwanninmu na Accra, masu shirin bi ta wurinku su ji da kyau. Kai kuma ba za ka rasa tafinta ba.

Sunana Salifu. Shekaruna sun haura tamanin, in lissafin mahaifiyata daidai ne. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a Maamobi. Da ƙarfina akawu ne ni a tashar mota ta Tudu, ina yanka wa fasinjan arewa tikiti. Yanzu ko masallacin unguwa sai da sanda nake zuwa, ina hutawa a hanya.

Matata Memuna ta tsufa tana soya ƙosai tana dama koko a bakin titi a Nima. Duk abin da ya ragu bayan cefane, adashi take zubawa, ba ta da buri sai ta ga Ka'aba da idonta. Kuɗin bai kai na Hajji ba, ya kai na Umarar mutum ɗaya. Kafin a gama shiri ciwon suga ya kwantar da ita, bai kuma tashe ta ba. Tana kwance ta cire 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda mahaifiyarta ta sa mata a Salaga ranar da aka kawo ta gidana, ta damƙa mini. Ta ce, "Malam, ka je da kuɗin nan. Ka tafi da waɗannan su ma, su dai su ga wurin tun da ni ban gani ba. In ka dawo ka ba Rukayya ranar aurenta." Rukayya jikarmu ce, 'yar ɗanmu ɗaya tilo da ya riga mu gidan gaskiya. Tana Kumasi wurin dangin uwarta.

A watan Rajab da ya wuce na tafi. Na yi Umarata, na sake ɗaura harami na yi ta Memuna, 'yan kunnen nan suna ƙulle a ɗamarata duk zagayen da na yi. Rabin alkawari ya cika. Sauran rabin kuma a filin jirginku ya tsaya. Ga yadda aka yi.

1. Mai shirya mana tafiya a Nima ya samo mini tikiti mafi araha, wanda ke tsayawa a wurinku a canja jirgi. Ya tabbatar mini komai yana cikin kuɗin tikiti. Mun sauka bayan la'asar, da nufin mu tashi washegari da hantsi. Wani ma'aikacinku ya turo ni a keken guragu, ya ajiye ni kusa da ƙofar shiga jirgi, ya tafi da kekensa. A kan kujerar ƙarfe na kwana. Da safe allo ya nuna an ɗaga tashi zuwa azahar, da azahar aka ɗaga zuwa magariba. Da aka kira mu a ƙarshe, sai ga tebur an girka a bakin ƙofa, da wani saurayi mai kaki da na'ura a gabansa. Ya duba takardata ya ce zamana a filin ya wuce kwana ɗaya, saboda haka na fita daga sahun masu wucewa, na zama mai tashi daga ƙasarku. Sai na biya harajin fita, dala talatin da biyar, kafin in shiga jirgi.

2. Ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai fita daga inda bai shiga ba? Ga fasfo ɗina nan, a duba shi shafi-shafi, babu hatiminku a ciki. Ban taka ƙasarku ba, ban shaƙi iskarta ba, ban ga ko bishiya ɗaya tata ba sai ta bayan gilashi. Abin da na mora a wurinku kujerar ƙarfe ce da ta bar mini ciwon ƙugu har yau, da famfon bayan gida inda na yi alwala ina dafe da bango. In kuɗin kujerar kuka karɓa, ku rubuta haka a rasit, in san abin da na saya.

3. Jinkirin da ya sa na wuce kwana ɗaya ba nawa ba ne. Ni tun jiya nake zaune a bakin ƙofa da jakata a cinya. Na gaya wa saurayin haka da Turancin da na koya kafin a haifi ubansa. Bai ɗaga kai ba. Ya ce wannan tsakanina ne da kamfanin jirgi. Na ja ƙafa zuwa wurin matar kamfanin jirgi, ta ce wannan tsakanina ne da hukuma. Tsakanin teburinsa da nata bai fi tsawon tabarma biyu ba, amma ba wanda ya juya ya yi wa ɗan'uwansa magana. A Tudu, in motar Bawku ta lalace fasinja suka kwana a tasha, kunya ce ke kama mu. Mu ke nemo musu benci, mai shayi ya ba su bashi, direba ya zagaya yana ba da haƙuri. Da wani akawu ya ce wa wanda ya kwana a benci ya biya kuɗin barin tasha, da 'yan dako sun yi masa ihu har kasuwar Makola. Mu da ba mu da na'ura ke nan.

4. Ba wanda ya gaya mini akwai wannan haraji, ba a tikiti ba, ba a bakin wanda ya turo ni a keke ba. Da na sani, da na tanada. Ranar da zan bar Makka na raba sauran riyal ɗin da ke hannuna ga masu sharar Harami, sadaka ga Memuna, kamar yadda mutanenmu suka saba in za su juyo gida. Na bar sidi kaɗan, kuɗin ƙasarmu, na motar da za ta kai ni Maamobi. Na miƙa wa saurayinku sidin, ya ture shi da bayan alƙalami kamar na ba shi ganye. Ya ce dala ko katin banki. Ban taɓa mallakar katin banki ba. 'Yan kuɗin da ke cikin wayata kuma ba sa aiki a ƙasarku. Masu kati suka riƙa wucewa ta gefena ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar kasuwa mai shago a Tudu, wadda ita ma harajin ya kama, ta zazzage jakarta ƙasa da ƙyar ta haɗa nata. Ta ce mini, "Baba, wallahi kaya sun cinye kuɗin, da ban bar ka a nan ba." Ta ba ni ruwa da biskit. Allah ya saka mata. Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na tare wani mai kwat na roƙe shi. Ya dube ni daga hula zuwa silifa, ya ce yana sauri.

5. Na koma na tambayi saurayinku abin da zai faru in ban biya ba. Ya ce jirgi zai tafi, ni kuma in zauna har in samu kuɗin sabon tikiti. Sannan ya nuna mini layin shaguna da haɓarsa. Na fahimce shi. Akwai shagon kayan ado kusa da ƙofar da za mu shiga jirgi, tsakanin mai sayar da turare da mai sayar da agogo. Mutumin da ke ciki, wani mai furfura a gemu da tabarau, ya ce shago ba ya sayen kaya, amma shi zai taimaka daga aljihunsa. Na kwance ƙullin. Ya ɗora guda ɗaya a kan ma'auni, ya miƙo mini daidai kuɗin harajinku da ɗan canjin da bai wuce na shayi ba. Na san ya fi haka daraja, shi ma ya san na sani. Ana ta kiran sunana a lasifika. Na karɓa, na kai wa saurayin, ya buga mini rasit, ya ce in sauka lafiya. A nan ne kawai ya dubi fuskata.

Haka na iso gida da ɗankunne ɗaya. Mutanen gidanmu suka taru suna yi mini barka, ana raba dabino da zamzam, ni kuwa hannuna na kan aljihu. Ranar Juma'a Rukayya ta kira ni a waya kamar yadda ta saba. Da wasan jika ta fara: "Tsoho, ina fatan ba ka sayar mini da gado ka sayi dabino ba?" Na ce mata ta saurare ni. Da ta ji muryata ta daina dariya. Na gaya mata komai. Ta ce, "Kaka, ba komai, tun da ka dawo lafiya." Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. An sa aurenta bayan Babbar Sallah. Uwayen amarya za su baje kayanta a gaban dangin miji, za a tambayi abin da ya fito daga gidan ubanta. Ubanta yana ƙasa, kakarta tana ƙasa. Saura ni da ɗankunne ɗaya a cikin gwangwanin da Memuna ke ajiye allura.

Na san za a ce kowace ƙasa tana da ikon sa harajinta, kuma filin jirgi yana cin kuɗi. Ban musa ba. Na biya haraji a ƙasata tun ina saurayi ban yi gardama ba. Amma mu a Zango, unguwannin Hausawa a ƙasarmu, kakanninmu baƙi ne, kuma gidajen saukar baƙi suka gina. Mahaifina yana saukar da fataken goro a zaurensa, ban taɓa ganin ya tare ƙofa ya ce sai an biya kafin a fita ba. Addininmu ma ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin waɗanda ake ba zakka. Ku kuwa shi kuka zaɓa ku tatsa, domin kun san ba shi da kowa a nan, ba shi da inda za shi, kuma gobe ba zai dawo ya yi ƙara ba.

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: ka tura mutum shagon nan ya tambayi mai tabarau ko ɗankunnen yana nan. Ƙarami ne, mai siffar ƙwarya a kife, da ƙananan ƙwallaye uku a ƙasa, na tsakiya ya ɗan lotse tun ranar da ɗanmu yana jariri ya cije shi. Kada a kore shi daga aiki saboda ni. Ya ci riba a kaina, gaskiya ne, amma ba shi ya girka tebur a bakin ƙofa ba.

Na biyu, ku mayar da kuɗin da kuka karɓa ba bisa haƙƙi ba. Kada ku aiko mini. Ku ba mai tabarau, ku karɓo mini kayana. In ya ce sai an ƙara, ku faɗa mini nawa ne. Ina da rediyo da fanka, zan sayar.

Na uku, ku cire wannan haraji daga kan wanda bai bar cikin filin ba, balle wanda jinkirin jirgi ya tsare. In kun ƙi, to ku sa shi cikin kuɗin tikiti tun daga farko, mutum ya san abin da ke gabansa kafin ya rabar da guzurinsa. Ku kuma, 'yan'uwana na Zango, duk wanda zai bi ta can ya ƙulle dala a gefen zane, ko da an rantse masa komai yana cikin tikiti.

Ba ni da lauya, ba ni da ɗa a gwamnati, ba ni da lokaci mai yawa. Likita ya riga ya gaya mini abin da ya gaya mini game da zuciyata. Ina so in sa wa yarinyar nan 'yan kunnen kakarta da hannuna, guda biyu, in ya so in je in gaya wa Memuna na isar da saƙo.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah ya sa ka tsufa cikin 'ya'yanka da jikokinka. Allah ya sa kada ka taɓa tsayawa a ƙasar da ba ka san kowa ba, kana kwance ƙullin matarka a gaban baƙo ana kiran sunanka a lasifika.

In kuma an riga an narka shi, kada a ɓoye mini, a rubuto a faɗa mini gaskiya. Zan sa ɗayan a ambulan in aiko maka. Fiye da shekara hamsin suna tare, ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya zauna shi kaɗai a gwangwani ba. Sai ka haɗa da rasit ɗin ka ajiye.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Salifu, tsohon akawun tasha,
Maamobi, Accra.