Baba, Ashe Ba Doyar Kake Saurare Ba

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa mai yawa daga Salaga, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Wata bakwai ke nan da rasuwarka, kuma ina da ƙara da zan kawo maka.

Ka tuna littattafan nan na Turanci da nake ɓuya bayan tarin doya ina karantawa? Waɗanda a cikinsu ba a rasa wani tsohon boka mai farin gemu da doguwar sanda, wanda ya san komai amma ba ya faɗa sai a dunƙule? Ranar da na ba ka labarinsa, cewa ka yi: "Wannan malamin naku, ina iyalinsa? Mutum kullum a hanya, ko akuya bai ajiye ba!"

Ban taɓa gaya maka ba, amma fuskarka nake sa masa. Ai kai ma haka kake yi. Ka isa gona da sandarka, ka ɗauki doya, ka ƙwanƙwasa ta da farce, ka kara a kunne. Can sai ka ce "a loda" ko "mu tafi". Ban taɓa ganin doyarka ta ruɓe a rumfa ba. In na tambaye ka sirrin, sai ka ce: "Buɗe idonka." Ni kuwa na ɗauka irin maganar nan ce ta tsofaffin littafi.

To, watan jiya Baffa, ƙanenka, ya tura ni sarin farko ni kaɗai, ƙauyen nan na hanyar Yendi. Na ɗauki sandarka. Na ma bar gemu, sai dai gashi tara ne kawai suka amsa kira. Na ƙwanƙwasa doya, na kara a kunne, na lumshe ido har da gyaɗa kai. Wallahi Baba ban ji komai ba, sai cikina da ke kukan yunwa. Na dai ce a loda.

Kwana biyar rumfa ta fara wari. Matan Kumasi suka zo saye, suka toshe hanci, suka wuce. Baffa ya ce saura sau ɗaya: in na sake, zai ba surukinsa rumfarka.

Na je wa Mma da kuka, na ce ban gaji kunnenka ba. Baba, matarka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce wane kunne? Kunnen da shekara ashirin sai ta ɗaga murya kafin ka ji tuwo ya sauka? Ta ce fuskar manomi kake kallo. In ka kara doya a kunne ya tsaya cak, kaya lafiya. In ya fara ba ka labarin ruwan bana, akwai matsala.

Ni kuwa nawa manomin har labarin ruwan bara ya ba ni, idona a rufe.

Ranar Litinin zan koma, kuma tsoro nake ji. A littattafan nan, in tsohon ya mutu aka gama kukansa, yakan ɓullo gab da ƙarshe, daidai lokacin da ake nemansa. Na san kai ba haka ba ne. Duk da haka na san zan waiga sau ɗaya a bakin gonar. Ina kewarka, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya tsare maka rumfarka a hannuna.

Ɗanka mai gemu tara,
Mutari