Na Ƙona Silifas Don In Cika Littafin Ɗana

Malama, ki taimaka min, don yau a gidana ni ce muguwa. Ki yi haƙuri da rubutun, sai da na aurar da 'ya'ya uku kafin na shiga makarantar manya. Amma da hannuna nake rubuta wannan, ban sa kowa ba.

Ɗana na biyu yana aiki a masana'antar da ake narka roba ana yin bokitai da kujeru. Bara wuta ta tashi a ɗakin inji, ƙofar baya kuma a kulle take. Shi ya fito da ƙuna a hannu, abokin aikinsa da suke cin abinci a kwano ɗaya bai fito ba. Hannun ya warke, amma yaron bai dawo daidai ba. Yana zaune lafiya lau sai gumi ya keto masa, ido ya kafe, numfashi ya sarƙe, ya fice waje ko takalmi babu. Likita ya ce firgicin abin da ya gani ne ya zauna masa, ya ba shi littafi ya ce duk sanda abin ya taso ya rubuta ranar, da inda yake, da abin da ya gani ko ya ji ko ya shaƙa kafin nan. Ya wulla littafin saman kabad, wai shi ba ɗan firamare ba ne. Matarsa, uwar boko, ko ƙurar littafin ba ta taɓa kaɗewa ba.

To ni na ɗauka. Wata biyu ina rubutawa a ɓoye, harafi bayan harafi, har yatsuna suka yi kanta. Ni na gano abin ya fi tasar masa ranar da maƙwabcinmu ke ƙona shara. Ni na gano ba ya zama sai inda yake kallon ƙofa. Sai dai ban tabbata ba, kuma malaminmu ya ja mana kunne kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Shi ya sa na gwada. Ran nan yana cin abinci na jefa tsohon silifas a wuta. Wata rana kuma yana cikin falo na ja ƙofar na sa sakata ta waje, minti biyu kacal, ina tsaye da biro. Ya yi ta dukan ƙofar har tabon hannunsa ya fashe. Na rubuta duka, har da abin da na yi, don ni ba munafuka ba ce.

Sai ga surukar tawa, wadda ba ta san hanyar ɗakina ba, ranar ta tuna da shara. Ta zaro littafin a ƙarƙashin katifa, ta karanta masa layi-layi, har tana gyara min kurakuran rubutu. Yanzu ba ya cin abin da na dafa, gaisuwa daga bakin ƙofa, yana neman ɗakin haya. Abin da ya fi ci min rai, ya rantse ba zai koma wurin likita ba, wai likitan ne ya sa ni. Saura kwana tara ranar komawarsa. Ki buga amsar a fili ita ma ta karanta, ta san wanda ya damu da mijinta. Kada ki ce min in yi haƙuri, na ƙoshi da shi.

Uwar da aka mayar maƙiyiya

*

Mama, ba zan ce ki yi haƙuri ba. Cewa zan yi ki ba da shi.

Idonki ya yi aiki. Ƙaurin roba da rufaffiyar ƙofa, waɗannan su ne irin abin da likita yake nema, ke kuma kika gano su da kallo kawai. Da a nan kika tsaya, da yabo kaɗai zan rubuta. Amma mutumin da ya taɓa neman ƙofa cikin wuta ya same ta a kulle, ke kika sake kulle shi. A agogonki minti biyu ne, shi kuwa komawa ya yi cikin gobarar. Ko likitoci idan za su saba wa mutum da abin da yake tsoro, da saninsa da yardarsa suke yi, kaɗan-kaɗan.

Littafin kuma nasa ne. Amfaninsa shi ne shi da kansa ya fara gane alamun tun kafin abin ya kayar da shi, ya san me zai yi. Ke kina ganin gumin, amma ba kya ganin abin da ya faɗo masa a rai kafin gumin.

Surukarki ta yi rashin ladabi da ta yi wa rubutunki dariya, kuma ba ta kyauta ba da ta bar littafin ya yi ƙura. Tunda za ta karanta, ta ji. Amma ba ta yi laifi ba da ta gaya wa mijinta wanda ya sa sakatar.

Ki je wurinsa yau, ke kaɗai. Ki ce kin yi kuskure, ba tare da kin ƙara da "amma" ba. Ki gaya masa a fili likita bai san komai a kai ba, dabararki ce. Wannan maganar ita za ta iya mayar da shi asibiti, kuma ke kaɗai za ki iya faɗinta ya yarda. Ki miƙa masa littafin, ko ya kai wa likita ko ya yaga. Idan zai fara sabo kuma layi-layin ya yi masa nauyi, ya tambayi likita ko alama ɗaya a kalanda za ta wadatar. Ki roƙi maƙwabcin ya riƙa sanar da ku kafin ya kunna shara. Idan kuma kuka ji yana maganar gajiya da rayuwa, kada ku jira kwana taran.

Wataƙila duk da haka ya tashi ya kama haya. Ki bar shi ya tafi, in dai zai riƙa zuwa asibiti. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.